Sunan da Ba a Yanka wa Rago Ba

"Ke Zulai! Wankin gurguzun ne har yanzu, ko kuwa kunnenki yana can ƙofar gida?"

Iya Kulu ce ta ɗaga murya daga gindin murhu, tana iza wuta ƙarƙashin tukunya. Zulaihatu ta yi firgigit, ta sake cusa hannu cikin ƙwarya.

"Iya, ai na kusa."

"Kin kusa! Tun hantsi kike kusa. Da ƙararrawar keke ce na sa ki wankewa, da tuni ta fita fes."

Zulaihatu ta rufe fuska da gefen zane tana dariya.

Iya Kulu kakarta ce, mahaifiyar babanta Malam Maiwada. Duk Dandamisa babu mai daddawar batso irin tata, kuma da gurguzu ake yin ta, wato 'ya'yan yakuwa. Tsohuwa ce mai faɗa, ba ta ganin wargi. Abu ɗaya ne bakinta bai taɓa furtawa ba: sunan Malam Maiwada, don shi ne ɗanta na fari. Sai dai ta ce "mai gidan nan", ko "wancan".

A shekarun nan ba a daɗe da sauke tutar Bature ba. Kowane yaro ya leƙa birni sai ya dawo da sabuwar kalma a baki, kamar wanda ya tsinci sule. A ranar kuwa ana sa ran dawowar Zainulabidin, malamin firamare a Makarfi, wanda aka yi wa baiko da Zulaihatu. Ya tafi kwas Kaduna tun kafin kaka. Ɗan marigayi Malam Inuwa ne, aminin Malam Maiwada, kuma an tsayar da magana a kan za a ɗaura aure da zarar an gama matsar rake.

Can bayan la'asar sai ga ƙararrawa — ƙilin! ƙilin!

"Ga angona nan!" in ji Iya Kulu. Ta riga jikarta zuwa zaure.

Zainulabidin ya jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen Kaduna da ruwan hanya. Ya ɗan rame, ya tara ɗan gemu, ya kuma sa wata jar hula da ba a san shi da ita ba.

"To, me ka kawo mana daga birni?"

"Iya, na kawo abin da ya fi tsaraba. Idona ya buɗe. Ni yanzu ɗan gurguzu ne!"

Iya Kulu ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Kai, Allah Ya yi maka albarka! Da ma na ce aikin allo da alli kaɗai ba ya riƙe gida. Bana gurguzu ya yi wuya a kasuwar Makarfi, duk tsakuwa suke haɗawa. Na Kudan kake sarowa, ko na Ikara?"

"A'a, Iya, ba wannan ba —"

"To kowanne ne, buhu guda nake so. Mai kyau, ban da tsakuwa!"

"Iya, aƙida ce —"

"Ko ita ce, ka sa a tankaɗe." Ta juya ta shige gida tana murna.

Zulaihatu, da ke raɓe a bakin ƙofa, ta yi dariya har da hawaye. Da ta lafa suka gaisa, ta zauna nesa kaɗan, kai a sunkuye.

"Malam, mene ne kuma gurguzun naka?"

Ya gyara zama kamar yana gaban aji. "A Kaduna mun halarci lacca, Zulai. Duniyar nan gida biyu ce. Akwai 'yan gurguzu, masu son a haɗa komai a ci tare. Akwai 'yan jari-hujja, masu inji da dukiya, waɗanda wasu ke yi wa wahala. Babu na uku."

"To ni ina nake?"

"Ke ai tamu ce."

"Iya fa? Tana sayar da daddawa, ba ta kuma ɗaga wa kowa ƙafa."

Ya sosa ƙeya. "Iya... ba a kawo irin tata a lacca ba."

"Baba fa?"

Ya kawar da kai. "To, a ƙa'ida, duk mai inji —"

"Malam!" Ta ɗago ido karon farko. "Don Allah wannan magana ta tsaya a zauren nan."

Ya ce to. Amma kalma sabuwa a bakin yaro kamar sabon takalmi ce, sai an taka an nuna wa jama'a.

Malam Maiwada yana da gonar rake a fadama, da injin matsa wanda doki ke juyawa. Ana tara ruwan raken a dafa, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Injin nan shi kaɗai ne a unguwar, amma ba a taɓa jin ya hana kowa ba. Mai rake ya kawo nasa a matse masa, iyaka ya zo wa doki da harawa. Raken gwauraye da marayu shi ake fara sakawa. In kuwa ranar saran Malam ta zo, ba ya ma kiran gayya, da kansu mutane ke fitowa.

Ranar kasuwar Makarfi, Zainulabidin yana zaune a teburin mai shayi da abokinsa Tanko, wanda suka yi kwas tare. Tanko ba ya kiransa da suna sai "kwamared", wato abokin gwagwarmaya.

"Kwamared, ka ce kai namu ne, ga shi za ka auri 'yar mai inji!"

"Ai ba mutum muke yaƙa ba, tsari ne."

"To faɗi gaskiya a gaban jama'a. Surukinka mene ne?"

Mutane suka zuba ido. Zainulabidin ya ji kunyar a ce ya ji tsoro. "Ɗan jari-hujja ne mana. Ai a fili take."

A ƙarshen benci akwai Lado, maƙwabcin Malam Maiwada, mai akwatin rediyo da dogon baki. Ko shayinsa bai shanye ba ya kama hanya. Ya tarar da Malam a wurin matsa, yana tura rake bakin inji.

"Malam, yau na ji abin da kunne ba ya so. Yaron da ka ba 'ya, shi ne a tsakiyar kasuwa yake ce maka ɗan jari-hujja!"

"Ɗan me?"

"Jari-hujja! Wanda ba ya ba da ko allura sai da riba. Shi kuma wai ɗan gurguzu ne. Na ji su a rediyo. In suka samu iko, injinka nasu, dokinka nasu, har ludayin gidanka sai an raba!"

Malam Maiwada ya saki raken da ke hannunsa. Washegari ya aika aka kira yaron.

Da Zainulabidin ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi kuskure," da magana ta mutu a nan. Amma tun a hanya Tanko ya hure masa kunne: kwamared ba ya janye magana, kwamared ba ya durƙusa wa ɗan Adam. Sai ga shi ya shigo zaure ya ɗan rusuna kawai, hula a ka.

Malam Maiwada ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Gwiwar taka ciwo take?"

"A'a, Baba."

"To. An ce ka ba ni suna a kasuwa."

"Baba, ba kai nake nufi ba, tsari nake nufi. Amma a ƙa'ida —"

"A ƙa'ida ni mene ne?"

Zufa ta keto wa yaron. "Ɗan... jari-hujja."

"Madalla! Na karɓa. Daga yau ni ɗan jari-hujja ne, za ka kuma ga irinsa. Kai ne ka ce duniya gida biyu ce, ko? To ɗan wannan gida ba ya ba ɗan wancan gida 'ya. Maganar aure a ajiye ta. Tashi ka ba ni wuri!"

Zulaihatu tana bayan katanga, ta ji komai. Ta ruga ɗakin Iya ta faɗa kan gado tana kuka.

"Wayyo Iya, sun raba mu a kan abin da ban ma san kamarsa ba!"

"Yi shiru," in ji tsohuwa. "Ni har yanzu ban gane ba. Don yaro ya kama sana'ar gurguzu shi ne abin kora?"

Sai da Zulaihatu ta share hawaye ta warware mata. Iya Kulu ta riƙe haɓa.

"Au! Ashe babu ko ƙwaya? Suna ne kawai, babu buhu?"

"Babu, Iya."

"Ikon Allah. To ki yi haƙuri, ki kama bakinki, kada ki saɓa wa ubanki. Wanda ya ari rigar da ba tasa ba, da kansa zai ji tana matsa shi."

Haka kuwa aka yi. Tunda kowa ya rungumi suna, sai ya shiga yi wa sunan bauta.

Malam Maiwada ya sanar cewa daga yau duk mai son inji sai ya bar kaso. Bilki, wata gwauruwa mai marayu, ta zo da ɗan rakenta a ka kamar yadda ta saba kowace shekara.

"Malam, ga na marayu."

"Kin zo da kason inji?"

Ta ɗauka wasa ne, ta yi dariya. Da ta ga fuskarsa sai ta sake ɗaukar kayanta ta juya. Ranar Malam bai iya cin tuwo ba, ya yi ta juya loma a miya. Amma da aka tambaye shi sai ya ce, "Ai haka 'yan jari-hujja ke yi. Ba ni na sa wa kaina ba."

Can Makarfi kuma, Tanko ya zo ya kama kan keken Zainulabidin.

"Kwamared, zan je Ikara."

"Ai da shi nake zuwa makaranta."

"Subhanallahi! 'Nake'? Keken naka ne kai kaɗai? Ina gurguzun?"

Keke ya tafi, bai dawo ba. Bayan keke agogo ya bi, bayan agogo fitila. Malamin makaranta ya koma tafiya a ƙasa, yana isa aji a makare, hedimasta na harararsa. In ya buɗe baki zai yi magana sai ya tuna sunan da ya ɗauka, ya haɗiye. Har gaisuwar dattawa ya rage, alhali da shi ne yaron da ake misali da shi a ladabi.

Zulaihatu ta rame, amma ba ta fasa aikinta ba. Ta kai wa babanta ruwan alwala, ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta taɓa ɗaga masa ido ba. In kukan ya zo sai ta tafi bayan rumbu.

Wata la'asar Zainulabidin ya kasa daurewa, ya tako a ƙasa tun daga Makarfi, ya yi sallama lokacin da ya san Malam yana fadama. Iya Kulu ta leƙo.

"A'a, mai gurguzun da babu gurguzu! Ina buhuna? Ina kuma keken?"

"Iya, keken yana... hannun jama'a."

"Jama'ar sunanta Tanko? Allah Ya kyauta."

Zulaihatu ba ta fito zaure ba. Daga bayan ƙofa ta tsaya, Iya na tsakani.

"Zulai, ki fahimce ni," in ji shi. "Ina son ki, Allah Ya sani. Amma mutum ba ya sayar da aƙidarsa."

"Malam, ni ban je Kaduna ba, tambaya ɗaya gare ni. Shekarar da babanka ya kwanta ciwo, wa ya kwance doki daga inji, rake na jibge yana jiran matsa, ya ɗora shi har disfensaren Makarfi?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba ne."

"Wa ya yi ta noma gonarku har ka gama makaranta?"

"Shi ne."

"To a ranakun nan, cikin gidajenka biyu, a wanne yake?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Ta ci gaba.

"Ni wanda aka yi mini baiko da shi ya san gaisuwa, ya san alheri. In ya dawo, ina nan, ko shekara nawa ne. Ɗan gurguzu kuwa ban san shi ba. Ba a kawo goronsa gidan nan ba."

Ta juya ciki da gudu. Zainulabidin ya koma Makarfi, ƙafa na ciwo, zuciya ta fi ƙafa.

Ba a jima ba babban saran Malam Maiwada ya zo. Wannan karon babu wanda ya fito gayya, sai 'yan ƙodago ya ɗauka. Aka sare rake aka jibge kamar tudu. A ranar da za a fara matsa, doki ya zurma ƙafa a rami ya yi targaɗe. Rake kuwa in an sare shi ba ya jiran kowa, in ya kwana biyu sai ya fara tsami, wahalar shekara ta tafi a banza.

Malam ya haɗiye girman kai ya je wurin Lado.

"Lado, ara mini dokinka."

Lado ya karkace hula. "Wallahi Malam, da a da ne, ko tambaya ba sai ka yi ba. Amma ka ga yanzu zamanin jari ne. Dokin nan shi ne jarina. Me za ka bari?"

Malam ya juyo ya nufi gida. A hanya ya wuce maƙwabta zaune a inuwa. Suka gaishe shi da ladabi, suka yi masa jajen doki, babu wanda ya motsa.

Ya shigo gida ya zauna a kan turmi, ya dafe kai. Iya Kulu na tsaye a bakin ɗakinta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe baki.

"Usmanu!"

Tsakar gida ta yi tsit. Muciya ta suɓuce daga hannun Zulaihatu. Malam ya ɗago a razane, don tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan nan daga bakin nan ba.

"Na'am, Iya." Ya zame daga kan turmi ya durƙusa.

"Shekara hamsin ina riƙe da sunan nan a bakina, ban faɗa ba, don kara da ganin darajarsa. Usmanu aka raɗa maka, da rago, da malamai, da addu'a. Maiwada kuwa mutanen gari suka sa maka, don hannunka a buɗe yake. Wannan na ukun, wa ya yanka masa rago?"

"Iya, yaron ne ya —"

"Yaro ya jefe ka da suna, kai kuma da furfurarka ka cafe ka rataya a wuya! Don ka ƙona masa rai ka kori marayu. To tunda ba ka ba da komai sai da riba, zauna mu yi ciniki. Fara biyana nonon da ka sha!"

"Iya! Don Allah, don Annabi!" Hawaye suka zubo wa dattijo har gemu. "Na tuba. Wallahi tun ranar da Bilki ta juya ban ƙara jin daɗin abinci ba."

"Ba ni za ka faɗa wa ba. Ka san hanyar gidanta."

Ya tashi a take. A ƙofar gidan Bilki ya tsaya ya nemi gafara, ya ce ta kawo rakenta, ko da hannu ne sai an matse shi kafin nasa.

A can Makarfi labarin doki ya riga ya kai teburin mai shayi. Tanko ya iso a kan keke yana washe baki.

"Kwamared, albishirinka! Jari-hujja ya faɗi! Raken surukinka na can yana tsami. Yau ranar murna ce!"

Zainulabidin ya dube shi. Sai ya tuna babansa kwance a kan dokin nan, Malam Maiwada na riƙe da linzami cikin rana. Wai yau shi ake ce wa ya yi murna.

"Sauka daga kekena."

"Kekenka? Kwamared, ina gur—"

"Sunana Zainulabidin. Sauka, Tanko!"

Ya cire jar hula ya kifa wa Tanko a ka, ya hau keke. Bai nufi Dandamisa kai tsaye ba. Sai da ya biya ta Kudan tukuna.

Washegari da hantsi Malam Maiwada yana wurin inji shi da Bilki, ya kama sandar da ake ɗaura wa doki yana turawa shi kaɗai, yana nishi. Iya Kulu da Zulaihatu sun kawo masa kunu. Sai ga ƙararrawa — ƙilin! ƙilin! — ga keke na tangaɗi da ƙaton buhu a baya.

Zainulabidin ya sauke buhun a gaban Iya Kulu. Ya tuɓe takalmi, ya zube gwiwa biyu a gaban Malam.

"Baba, na yi wauta. Na ɗauki suna na rufe ido da shi, har na kasa ganin wanda ya riƙe ni. Ka yafe mini."

Malam ya yi ta kallonsa, yana haki. "Ashe gwiwar ta warke."

"Ta warke, Baba."

"To tashi. Ni ma tawa wautar ta fi taka, don na girme ka. Zo ka kama nan, doki ya yi murabus."

Iya Kulu ta riga ta kwance bakin buhu, ta cusa hannu ta ɗebo, ta mutsuttsuka. "Na Kudan ne! Babu tsakuwa! To yanzu ka zama ɗan gurguzu na gaskiya!"

Zulaihatu ta juya baya tana dariya, tana goge ido da mayafi.

Malamin makaranta ya naɗe wando ya kama sanda, shi da surukinsa suka shiga zagaya inji, ruwan raken marayu ya fara tsiyaya. Bilki ta rangaɗa guɗa. Guɗar nan ce ta kai inuwar da maƙwabta ke zaune. Ɗaya ya tashi, wani ya bi shi. Kafin azahar wuri ya cika: masu turawa, masu miƙa rake, masu iza wuta, ana waƙa ana tsokanar juna. Can sai ga Lado yana janye da dokinsa, yana kallon ƙasa.

"Malam, ga shi. Da ma wasa nake."

"Me zan bari?" in ji Malam.

"Harawa kawai!" Aka kwashe da dariya.

Har Tanko sai da ya iso, a ƙasa, yana ɗingishi. Ya zo ne ya ce an sayar da aƙida, amma da ya ga taron sai ya buɗe baki.

"Kai! Ai wannan shi ne gurguzun da ake faɗa!"

"Ina!" in ji Lado. "Injin na mutum ɗaya ne. Jari ne!"

"Gurguzu ne!"

"Jari ne!"

Iya Kulu ta ɗaga ludayi. "Gayya ce, marasa aikin yi! Ku kama sanda ko ku ba mutane wuri!"

Suka kama, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suna zagayawa suna musu. Raken da ya yi tsami kaɗan ne, aka zuba wa shanu. Sauran duk ya zama mazarƙwaila.

Da aka zauna shan kunu, Malam ya dubi Zainulabidin. "To, duk karatun Kadunan babu abin ɗauka a ciki?"

"Akwai, Baba, in ka ba ni izini. Masu saran nan tun asuba suke fadama, ba a kai musu abinci sai rana ta take. Kuma in wuƙa ta sare mutum, shi ke jinyar kansa."

Malam ya gyaɗa kai. "Wannan gaskiya ce, za a gyara. Ka ga da haka ka faɗa tun farko, da na ji. Nuna mini abin da ya karkace, kada ka raɗa mini suna."

Ana gama matsa aka ɗaura aure. Mutanen Makarfi da Kudan da Taba suka cika Dandamisa, aka raba goro da mazarƙwaila har yara suka gaji da tsotsa. Miyar biki kuwa da daddawar buhun nan aka kaɗa ta. Tanko ne ya yi abokin ango, ya kuma dawo da agogo da fitila, ya ce gudummawarsa ke nan.

Da aka kai amarya, ango ya ce, "Zulai, yanzu kin san ni?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Wannan na san shi. Shi nake jira."

Iya Kulu kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake furta sunan ɗanta ba, bai kuma sake ba ta dalili ba. Angon jikarta dai Mai Gurguzu ta ci gaba da kiransa, har sunan ya bi shi makaranta. Bai taɓa jin haushi ba, don wannan da gumin bayansa ya ɗauko shi.

To, yara, ku buɗe kunne. Ba a hana ku karatu ba, ba a hana ku ra'ayi ba. In kun ga abin da ya karkace ku faɗa, da ladabi. Amma kada ku ɗauki suna ku sa shi gaba kamar liman, har ya hana ku ganin alherin wanda ke gabanku, ko ya sa ku yin abin da zuciyarku ke ƙi. Malam Maiwada bai taɓa korar maraya ba sai da ya yarda shi ɗan kaza ne. Zainulabidin bai taɓa tsayawa a kan dattijo ba sai da ya yarda shi ɗan kaza ne. Zulaihatu da ta yi haƙuri, ta riƙe mutum ta ƙi laƙabi, ita ta ci riba. Kafin ka amsa kowane suna, tambayi wanda ya yanka masa rago.